Na'urarku Iska Biyu Ta Sani, Rijiyar Kuwa Uku Gare Ta

Zuwa ga Mai Girma Daraktan aikin gyaran rijiyoyin makiyaya na ƙasar Damargu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Allah ya sa haka, amin.

Sunana Haruna. Ni ne shugaban ayarin masu yasar rijiya na Tanut, ɗaya daga cikin waɗanda kuka ɗauka aiki bara. Yasa sana'ar gidanmu ce, a hannun mahaifina na koya, kuma yau fiye da shekara ashirin ke nan ina sauka cikin ƙasa ina fitowa da ikon Allah. Sau uku na zo biro ɗinka, wato ofishinka. Sau biyu aka ce kana Damagaram, sau ɗaya aka ce kana taro, in bar saƙo. Na bari, shiru kake ji. Shi ya sa na fito da maganar fili. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga kalma ta fito da kaushi ka yi haƙuri, ban iya lulluɓe magana ba.

Bari in fara da abin da ya hana ni zama. Ƙanena Salisu shi ke shugabantar ayarinku na Belbeji. Ranar Asabar mai zuwa an sa su yasar wata rijiya, kuma da irin na'urar nan da kuka raba mana ta gwajin iska za su gwada ta kafin a sauka. Irin wannan na'ura ce ta nuna mini kore a bakin wata rijiya makonni uku da suka wuce, na tura mutum ciki, muka jawo shi kamar gawa. Ina roƙon ka karanta takardar nan kafin Asabar.

Na farko, abin da aka koya mana.

Kwana uku kuka tara mu a Tanut. Injiniyanku yana magana da Faransanci, tafinta yana juya mana. Aka nuna mana na'urar: ɗan bututu a ƙarshen doguwar waya da ake zurawa cikin rijiya, da ɗan akwati a hannun na sama mai fitila biyu, koriya da ja. Tafinta ya ce, “Wannan na'ura iska biyu ta sani.” Abokin aikina Idi, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ɗaga hannu ya ce, wace da wace? Tafinta ko waiwayar injiniya bai yi ba, ya ce, “Mai kyau da marar kyau mana! In ka ga kore sauka, in ka ga ja tsaya.” Wallahi har tafi muka yi. Wanda ya san abin da ake nufi da tsayawa a bakin rami mai gaba talatin yana tunanin ko akwai numfashi a ƙasa, shi ya san daɗin da muka ji a ranar.

Sannan aka karanto mana sharuɗɗa muka dangwala yatsa. An hana mu zura fitila mai wuta, domin akwai iskar da ke kamawa da wuta. Wannan na yarda da shi, na taɓa ganin rijiya ta yi tsawa ta ƙone wa mutum gira. An kuma hana mu zura zakara a kwando, wanda shi ne gwajin iyayenmu: a zura shi ƙasa, a ɗan jira, in ya fito yana raba ido a sauka, in ya fito ya langaɓe a fasa. Aka ce rijiyar sha ce, ba a zura mata dabba, kuma zamanin zakara ya wuce. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Ba zan ci amanar na'urar ba. Sau biyu ta nuna mana ja a wajen Gangara, muka yi ta kaɗa tabarma a igiya sama da ƙasa har iskar ta sauya, ta nuna kore, muka sauka lafiya. Daga nan na sakankance. Da Salisu ya nuna shakka, ni na hau mota na je har Belbeji na zaunar da shi, na ce masa ya bar taurin kai irin na tsofaffi, abin nan ya fi mu gani.

Na biyu, abin da ya faru.

Rijiyar tana arewa da Tanut, kan hanyar Tenhiya. Gaba talatin da biyar ce, an jera mata zoben siminti tun daga baki har ruwa. Tun damina ba a ja ta ba, domin tafkuna sun wadatar. Iska ta yi ta zuba mata kashin dabbobi da kara, sannan makiyaya suka shaida mana wata tunkiya ta faɗa ciki tun kaka. Da zafi ya shigo tafkuna suka ƙafe, sai ga Abzinawa da Fulani sun yi sansani a gefenta da raƙuma da shanu, kowa idonsa a kanmu.

Da hantsi muka isa. Ni da hannuna na zura bututun har ya rage kamar taki ɗaya ya taɓa ruwa. An ce a jira minti biyar, na duba agogon wayata na jira bakwai. Kore. Na jawo shi na sake zurawa. Kore. Wari kam akwai, amma wace rijiyar yasa ce ba ta wari? Ba zan ɓoye ba, na ce a raina da Baba ne da sai ya ga zakara tukuna. Sai na dubi fitilar nan tana haske kore shar, na dubi shanun mutane suna lasar busasshen kwamin shan ruwa. Idi ya riga ya ɗaura ɗamara. Ya ce, “Haruna, yaya?” Na ce masa, “Bismillah, sauka.”

Muna da al'ada a sana'ar nan. Mai sauka yakan riƙa ƙirga zoben siminti da ƙarfi, na sama yana amsawa. Muddin ana jin ƙirga, a ci gaba da sakin igiya. Idi ya ƙirga har hamsin. Hamsin da ɗaya ta fito yana jan murya, kamar mai jin barci. Hamsin da biyu ban ji ƙarshenta ba. Na ƙwala masa kira, sai muryata ta dawo mini. Igiyar ta yi nauyin da na sani, nauyin mutumin da ya saki jiki.

Mu huɗu ba za mu iya jawo shi da saurin da ake bukata ba. Wani Ba'abzine da ko sunansa ban sani ba ya fizge bakin igiyar ya ɗaura wa raƙuminsa, ya zabure shi da gudu. Haka Idi ya fito, yana bugun bango, leɓensa ya yi baƙi, idonsa ya kafe. Na yi ta danna masa ƙirji ina hura masa baki har ya ja wani numfashi mai ƙara. Da muka ɗora shi a mota na waiwaya, akwatin na'urar na nan a ƙasa inda na yar da shi, bututun yana cikin rijiya, fitilar tana nan kore.

Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Idi yana da rai. Amma hannunsa na dama ba ya riƙe moɗa, magana sai a hankali, kuma abin da aka faɗa masa yanzu ba ya kai wa an jima. Jiya na je gaishe shi, sau huɗu ya tambaye ni ko mun gama yasar rijiyar. 'Ya'yansa biyar. Shekara goma sha biyar ina riƙe masa igiya yana riƙe mini, kuma da bakina na ce ya sauka. Wannan abu yana cina, ranka ya daɗe, yana cina ƙwarai.

Na uku, gwajin da na yi.

Kwana biyu bayan haka na koma rijiyar. Na san na karya sharaɗinku, in hukunci ne na ɗauka. Na sayi zakara, na kira wakilin maigari da dattawan makiyayan, na ce kowa ya matso ya gani. Na sa zakaran a kwando, na ɗaure bututun na'urar a jikin kwandon, na zura su tare har inda muryar Idi ta tsaya. Fitila ta nuna kore, kowa ya gani. Muka jira kaɗan muka jawo. Zakara ya mutu. Wani dattijon Bafulatani ya riƙe baki ya ce, to wannan abu naku, shaidar zur yake yi ke nan?

Na huɗu, abin da na gano.

Na ɗauki ɗan littafin da ke cikin kwalin na'urar, wanda ba wanda ya taɓa karanta mana, na kai wa maƙwabcina Mushe Habu, wato Malam Habu a bakin 'yan bokon Faransanci, malamin kimiyya a koleji. Ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni, ya ce wa ya ce muku wannan abu yana gane iska mai kyau? Ya zaunar da ni ya yi mini bayani har sau uku, kuma ga shi yadda na fahimta. In na yi kuskure injiniyanka ya gyara mini.

Na'urar ba ta shaƙar iska, ba ta ɗanɗana ta. A cikin bututun akwai wasu ƙananan abubuwa biyu suna fuskantar juna. Ɗaya yana fitar da wata siririyar ƙara da kunnen mutum ba ya ji, irin ta jemage, ɗayan yana saurare. Abin da na'urar ke aunawa shi ne tsawon lokacin da ƙarar ta ɗauka kafin ta tsallaka. A cikin iska mai nauyi ƙara tana tafiya a hankali, a cikin marar nauyi tana sauri. An riga an sanar da na'urar saurin ƙara a iskar da muke shaƙa. In ta ji ƙarar ta yi jinkiri, sai ta ce iskar nan mai nauyi da ke kwanciya a gindin rijiya ta shigo, ta lissafa yawanta, ta kunna ja. Abin da ya faru a Gangara ke nan, kuma daidai ta yi.

To amma ruɓa a cikin ruwa, irin ta mushe da kashin dabbobi, iska biyu take haifarwa tare. Akwai mai nauyin nan, akwai kuma marar nauyi, wadda ke kamawa da wuta. Ɗaya tana rage wa ƙarar gudu, ɗaya tana ƙara mata. In suka haɗu a wani gwargwado, ƙarar sai ta tsallaka daidai lokacin da take tsallakawa a iskar lafiya, alhali su biyun sun ture abin da ke raya mutum, ba wadda ake numfashi da ita a cikinsu. Mushe Habu ya ce in ɗauka sikeli ne. Ka cika buhu da yashi da ƙaiƙayi har nauyinsa ya zo daidai da buhun hatsi, sikeli zai ce maka hatsi ne, domin nauyi kawai ya sani.

Sai ya nuna mini layin da yatsa. An rubuta a littafin cewa na'urar ta gaurayen iska biyu ce kawai, wato iskar duniya da wata guda ɗaya da aka saita ta a kai, kuma in ta uku ta shigo kada a dogara da abin da ta nuna. Wannan shi ne “iska biyu” da injiniyanku ya faɗa. Tafinta ya ji biyu, ya cike sauran daga kansa, ya ce mai kyau da marar kyau. Mu kuma muka ɗauka muka tafi da ita cikin rami. Ban ce ya yi da mugunta ba, Bahaushe duk wanda ka ce wa iska iri biyu ce abin da zai fara zuwa masa ke nan. Amma injiniyan yana tsaye, ya ga mun yi tafi, bai tambayi me aka ce mana muke tafi ba. Kuma wanda ya zaɓo wannan na'ura don rijiyar makiyaya, ashe bai taɓa leƙa irin abin da ke faɗawa cikinta ba?

Na biyar, rahoton wakilinku.

Wakilinku ya zo bayan mako guda. Ya karɓi na'urar, ya kunna ta a inuwar motarsa, ta nuna kore. Ya fesa mata iska mai nauyi daga wata 'yar kwalba, ta nuna ja. Ya ce ka gani, lafiyarta ƙalau. Na ce ai ban ce ta lalace ba, cewa na yi an tambaye ta abin da ba ta sani ba. Na roƙe shi mu je rijiyar, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ya ce ba shi da mai. Na ba shi labarin zakara, ya ce wannan ba gwajin kimiyya ba ne, kuma laifi ne na biyu a kaina. Na miƙa masa littafin a buɗe a kan layin, ya ce zai duba. Daga baya aka karanta mini abin da ya rubuta: wai ayarin Tanut bai jira na'ura ta daidaita ba kafin ya saukar da mutum.

Haba, ranka ya daɗe! Minti bakwai, sau biyu, a gaban mutum fiye da ashirin. A gari kuma ana ta cewa iskar rijiya ce ta taɓa Idi, wato aljani, har an fara kawo masa turare. Masu cewa aljani da mai cewa ban jira ba duk wuri ɗaya suka sauka, sun wanke na'urar, an bar ta a hannun kowane ayari daga Tanut har Belbeji. Sunana da aka ɓata ba shi ne ya dame ni yau ba, a bar shi sai an sami sarari.

Na shida, Salisu.

Rijiyar da aka sa su yasa ranar Asabar ita ma tun damina ba a ja ta ba. Jaki ne ya faɗa cikinta, kowa a wurin ya sani. Makiyaya sun taru, rijiyar da ke kusa da su tafiyar rabin yini ce, har an fara zare wa juna sanda a kan layin shayarwa. Na buga wa Salisu waya na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan. Ya ce, “Yaya, kai fa ka zo har gida ka ce in yarda da ita.” Ya ce wakilinku ya shaida musu an bincika, na'ura ba ta da laifi, ni ne nake neman inda zan rataya nawa. Ya ce bai yarda da wannan ba, amma wakilin zai tsaya a bakin rijiyar ranar, in ya ga kwando da zakara zai sallami ayarin gaba ɗaya, mutum shida masu iyali, a kawo wasu waɗanda ko labarin Idi ba su ji ba, su sauka. Ya ce in takarda ta zo daga Darakta, ko layi ɗaya ne, zai tsaya. In ba ta zo ba kuma fitila ta nuna kore, ba zai tura kowa ba, shi zai sauka da kansa tunda shi ne shugaba. Na san ƙanena. In ya faɗi magana ko za ta kashe shi sai ya cika ta.

Ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, kafin Asabar ka aika wa dukan ayari da wakilanka umarni a rubuce, cewa kada kowa ya sauka rijiyar da mushe ko ruɓa ke ciki a kan shaidar koriyar fitila kaɗai. Belbeji za a fara kai wa.

Biyu, ka turo injiniyanka da kansa mu je rijiyar hanyar Tenhiya. Tana nan yadda muka bar ta, na sa an rufe bakinta da ƙaya. Ya zo da duk abin gwajin da ya yarda da shi. In ni ne na yi ƙarya, a faɗa a rediyo.

Uku, Mushe Habu ya ce akwai na'urar da ke auna ainihin abin da ke raya mutum a cikin iska. A haɗa mana ita da wannan, tare da injin hura iska. Kafin su iso a bar mu mu zura zakaranmu. Yana cikin kwando, ba ya taɓa ruwan, kuma rijiyar da jaki ya ruɓe a ciki ban ga abin da zakara zai ƙara mata ba.

Huɗu, a sake tara mu a karanta mana littafin nan tun daga farko har ƙarshe da Hausa, kuma mai fassarar ya zama wanda in bai gane ba zai ce bai gane ba.

Biyar, a janye rahoton, a dubi Idi da iyalinsa. A bakin aikinku ya faɗi.

Ni dai ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan hau motar Belbeji. Zan je bakin rijiyar in tsaya, in wakilinka ya kira mini jandarma ya kira. Amma ayarin ba nawa ba ne, Salisu kuma ba yaro ba ne da zan ɗaure. Abin da zai tsayar da shi yana hannunka.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa aikin nan da ka ɗauko na shayar da bayin Allah ya zama hujja gare ka ranar gobe. Allah ya raya maka zuri'a, kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya kana kiran naka yana kasa amsawa.

Tsohuwarmu tana gidana. Mu tara ta haifa, mu biyu muka rage mata. Kullum in ta idar da sallar asuba takan tambaye ni ko Salisu ya bugo. Ban faɗa mata maganar Asabar ba, ban kuma san da bakin da zan faɗa ba. Don Allah ka rubuta layin nan.

Wassalam.

Naka,
Haruna mai yasar rijiya,
Tanut.